Dokokin Lasin Sayar da Barasa a Nijeriya: Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

ABUJA — A farkon kowace shekara, ma'aikatan tara kuɗin shiga na ƙananan hukumomi sukan bi otel-otel da kulob-kulob da manyan kantuna da gidajen cin abinci a biranen da doka ta yarda a sayar da barasa, suna neman a nuna musu takarda guda, watau lasin sayar da barasa. Inda aka rasa ta, ko aka tarar wa'adinta ya wuce, abin da kan biyo baya shi ne tara, ko kwashe kaya, ko kuma a garƙame wurin baki ɗaya.

'Yan kasuwa da yawa suna ɗauka wannan batu bai shafe su ba, tunda ba su sha kuma ba su sayarwa. Amma dokar takan iske mutum ta wata ƙofar. Attajirin da ya gina jerin shaguna a Legas ko Fatakwal ya ba da haya, da wanda ya zuba jari a otel a Abuja, da mai tirelar da ke ɗaukar kayan kamfanoni daga Kudu zuwa Arewa, da mai makarantar kuɗi da aka buɗe wa mashaya a jikin katanga, dukkansu suna iya yin asara ko su rasa haƙƙinsu saboda rashin sanin abin da dokar ta tanada.

Abu mafi muhimmanci shi ne, babu doka ɗaya tilo da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan kan sayar da barasa. Lasin izini ne da ake bai wa mutum guda, domin wuri guda, na wani ƙayyadadden lokaci. Abin da yake halal a idon doka a wannan gari yana iya zama laifi a garin da ke gaba da shi.

Wa ke da ikon yin dokar

Tsarin Mulkin 1999 ya jera abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu, sa'an nan ya jera waɗanda tarayya da jihohi suka yi tarayya a kai. Duk abin da bai shiga ɗaya daga cikin jerin biyu ba, ya rage a hannun jihohi. Sayar da barasa yana cikin waɗannan da suka rage, saboda haka kowace jiha daga cikin jihohi 36 ke tsara tata dokar. A Birnin Tarayya kuwa, Majalisar Tarayya ce ke matsayin majalisar jiha.

Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu ya ambaci ba da lasin da sa ido kan sayar da barasa, tare da kula da shaguna da gidajen abinci da allunan talla na kan titi. Ma'anar wannan ita ce, jiha ke shimfiɗa dokar, ƙaramar hukuma kuma ita ke aiwatarwa da karɓar kuɗin. Tun kafin haka, Dokar Soja ta 21 ta shekarar 1998, wadda ta raba wa matakan gwamnati uku harajin da kowanne zai karɓa, ta sanya kuɗin lasin barasa a rukunin ƙananan hukumomi. Da yake akwai ƙananan hukumomi 774, har da majalisun yankuna shida na Birnin Tarayya, watau Abuja da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, kuɗin da ake biya da yadda ake bin sawu sun sha bamban daga wuri zuwa wuri.

Kotun Ƙoli ta ƙara fayyace wannan rabon iko a watan Yulin 2013, a shari'ar da aka yi tsakanin Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Legas kan wanda ke da hurumin yi wa otel-otel rajista da ba su lasin. Gwamnatin Tarayya ta dogara da dokar da ta kafa Hukumar Bunƙasa Yawon Buɗe Ido ta Ƙasa a 1992. Kotun ta yanke cewa ikon tarayya ya tsaya ne kan shige da ficen masu yawon buɗe ido, amma tsara harkokin otel da gidajen abinci da makamantansu aikin jiha ne. Don haka takardar da wata hukumar tarayya ta bai wa mai otel ba ta ɗauke masa nauyin bin dokar jihar da otel ɗin yake ba.

Asalin tsarin

Bambancin da ake gani tsakanin Arewa da Kudu kan wannan batu ya girmi Nijeriya kanta. A taron da ƙasashen Turai suka yi a Burasal ta ƙasar Beljiyam, wanda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarsa a 1890, an amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Turawan Ingila sun sanya Arewacin Nijeriya cikin wannan rukuni. A Kudu kuwa, kuɗin fiton barasar da ake shigowa da ita daga Jamus da Holan shi ne ƙashin bayan baitulmalin gwamnati kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, har a wasu shekaru ya kai rabin kuɗin shigarta.

Bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914, Dokar Barasa ta 1917 ta raba ƙasar gida uku. Akwai yankunan da aka haramta sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa, waɗanda suka haɗa da Arewa, da yankunan da ake sayarwa bisa lasin, irin su Legas, da kuma yankunan da aka taƙaita cinikin. Giyar gargajiya irin su burkutu da bammi an bar ta ƙarƙashin wasu ƙa'idoji na dabam, inda hukumomin En'e ke da ta cewa.

Daga baya aka fara yin giyar kwalba a cikin gida. Kamfanin Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946, ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Aba a 1957, da wata a Kaduna a 1963. Da aka yi jihohi, kowace ta gaji dokar barasa ta tsohuwar jiharta, tana yi mata kwaskwarima gwargwadon buƙata. Wannan ne ya sa har yanzu ake samun sunayen lasin da sharuɗɗansu suna kama da juna a jihohi da yawa, duk da cewa kuɗin da hukuncin sun bambanta.

Ire-iren lasin

Dokokin da jihohi suka gada sun raba lasin bisa tambayoyi uku: wace irin barasa ce za a sayar, a ina za a sha ta, kuma wa za a sayar wa.

Akwai lasin da ya yarda a sayar a kuma sha a wurin, kamar na mashaya. Akwai wanda ya yarda a sayar a rufe kawai, mai saye ya tafi da abinsa, irin wanda manyan kantuna ke karɓa. Mai riƙe da irin wannan na biyu, idan ya jera kujeru a gaban kantinsa masu saye suka zauna suna sha, ya fita daga iyakar izininsa. Haka nan an bambanta lasin giyar kwalba da giyar inabi da lasin da ya haɗa da barasa mai ƙarfi irin su wuski da jin da barandi, kuma na biyun ya fi tsada.

Akwai lasin 'yan sari, wanda bai ba mai shi damar sayar da kwalba ɗai-ɗai ga mai sha ba. Akwai na otel, wanda asalinsa domin baƙin da suka sauka ne da masu cin abinci a wurin. Akwai na kulob, wanda ya taƙaita ga 'yan kulob ɗin da baƙinsu. Sa'an nan akwai lasin wucin gadi na 'yan kwanaki, wanda ake nema domin bukukuwa da wasanni da bajekolin kasuwanci. Tsofaffin dokokin ma har sun tanadi lasin na musamman domin tashoshin jirgin ƙasa da taragon cin abinci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa lasin guda ya isa komai. Wanda ke da rassa uku yana buƙatar lasin uku, ko da duk a ƙaramar hukuma ɗaya suke. Wanda ya sayi otel daga hannun wani bai gaji lasin tsohon mai shi ba, sai an nemi izinin hukuma an sauya suna. Wanda kuma ya tashi daga wannan layi ya koma wancan, dole ya nemi amincewa kafin ya fara ciniki a sabon wurin.

Yadda ake nema da yadda ake ƙalubalanta

Bisa tsarin da yawancin dokokin suka gada, mai nema yakan cike takarda ya bayyana sunansa da adireshin ginin da irin lasin da yake so. Daga nan duba-gari yakan je ya ga tsabtar wurin da makewayi da hanyar ruwa, 'yan sanda kuma su ba da rahoto kan halin mai neman da yanayin unguwar. Kwamiti ko hukumar ba da lasin ce ke zama ta yanke shawara, kuma galibi lasin na shekara guda ne, ana sabunta shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsarin ya ba maƙwabta damar su ƙi amincewa. Ana manna sanarwar masu nema kafin zaman kwamitin, domin duk mai ƙorafi ya rubuto. Dalilan da aka saba karɓa sun haɗa da cewa mai neman mashayi ne ko mai mummunan hali, ko an taɓa soke masa lasin, ko ginin ba shi da tsabta, ko yana kusa da masallaci ko coci ko makaranta ko asibiti, ko kuma wuraren da ke da lasin a unguwar sun riga sun wadatar.

Wannan dama tana da amfani ga al'ummomin Hausawa mazauna unguwanni irin su Agege da Idi-Araba a Legas da Sabo a Badun, inda masallatai da makarantun Islamiyya ke maƙwabtaka da shagunan mutane masu al'adu dabam-dabam. Takardar ƙorafi da shugabannin unguwa suka sa wa hannu aka kai sakatariyar ƙaramar hukuma kafin a ba da lasin, ko a lokacin sabunta shi, ta fi tasiri a kan cacar baki a bakin titi bayan an riga an buɗe wurin. Ɗaukar doka a hannu kuwa yakan mai da mai gaskiya ya zama shi ne mai laifi.

Sharuɗɗan da ke kan mai lasin

Samun takardar shi ne farkon nauyin. Dokokin sukan wajabta wa mai lasin ya kafa allo a ƙofar wurin mai ɗauke da sunansa da irin lasin da yake riƙe da shi, ya kuma tsaya kan sa'o'in buɗewa da rufewa da aka ƙayyade masa. An hana shi sayar wa yara, da sayar wa wanda ya riga ya bugu, da sayar wa ɗan sanda ko soja da ke bakin aiki. An hana shi barin faɗa da tashin hankali ko caca ko karuwanci a wurin, kazalika an hana gauraya barasa da wani abin da zai ɓata ta. 'Yan sanda da jami'an da aka ba izini suna da ikon shiga su duba, kuma hana su shiga laifi ne mai zaman kansa.

Abin lura a nan shi ne, mai lasin ba ya kuɓuta don kawai ba ya nan lokacin da abin ya faru. Idan yaron shago ya sayar bayan lokacin rufewa, sunan da ke kan takardar shi hukuma za ta nema. Maimaita laifi kuwa yana iya jawo soke lasin ɗin gaba ɗaya, abin da kan hana mutum sake samun wani na tsawon lokaci.

Bayan lasin barasa akwai wasu takardun da wurin ke buƙata, kowace daga ofishinta. Akwai rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni bisa dokar kamfanoni ta 2020, da izinin hukumar tsara birane cewa ginin na kasuwanci ne, da shaidar 'yan kwana-kwana, da shaidar lafiyar masu dafa abinci da masu raba shi. A Legas, hukumar kare muhalli ta jihar ta sha rufe mashaya da kulob-kulob saboda ƙarar kiɗa da ta wuce kima, ko da lasin ɗinsu yana nan daram. Jihar ta kuma haramta sayar da barasa a tashoshin mota, domin rage haɗarin da tuƙi cikin maye ke jawowa.

Talla ma tana da nata ƙa'idojin. Hukumar APCON, wadda aka kafa a 1988, ta hana kafa allon tallar barasa a tazarar da ta gaza mita 200 daga wurin ibada ko makaranta ko asibiti ko tashar mota, ta kuma taƙaita tallarta a rediyo da talabijin zuwa dare. A 2022 aka maye gurbin hukumar da wata sabuwa mai suna ARCON, wadda ke tantance talla kafin a fitar da ita.

Halin da ake ciki a jihohin Arewa

Tun kafin samun mulkin kai, kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya mai da buguwa a bainar jama'a laifi ga kowa, sa'an nan a sashe na 403 ya haramta wa Musulmi shan abin da ke da barasa sai domin magani. Amma bai hana ba da lasin ba, shi ya sa aka ci gaba da samun otel-otel da mashaya masu lasin a unguwannin Sabon Gari da wuraren shaƙatawar ma'aikata.

Al'amarin ya sauya bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999, dokar laifuffukanta kuma ta fara aiki a Janairun 2000, inda ta tanadi bulala 80 ga Musulmin da aka samu da laifin shan barasa. Jihohi 11 suka bi sahu, watau Sakkwato da Kebbi da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Gombe da Neja da Kaduna. Sai dai ba salo ɗaya suka bi ba. Wasu sun daina ba da lasin baki ɗaya. Wasu, musamman masu yawan mabiya addinai dabam-dabam irin su Kaduna da Neja, sun bar ƙofa a buɗe a wasu yankuna, suka rufe ta a wasu.

Jihar Kano ta kafa Hukumar Hisba a 2003, sa'an nan a 2004 ta gyara dokar laifuffukanta ta yadda haramcin ya shafi yin barasa da rarraba ta da jigilarta da sayar da ita, ba tare da la'akari da addinin mai laifin ba. A watan Nuwamban 2013 hukumar ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a, kuma an sake yin irin haka a shekarun da suka biyo baya. Yawancin kayan an kama su ne a cikin manyan motoci.

A nan ne batun ya shafi masu sufuri kai tsaye. Takardar kayan da kamfani ya ba direba a Legas ko Anaca ba ta da ƙarfin da za ta rinjayi dokar jihar da motar ta shiga. Idan aka kama kayan, motar ma takan kwana a hannun hukuma har sai an gama shari'a, kuma kowace rana a tsaye asara ce ga mai ita. Dillalan giya sun daɗe suna ƙorafin cewa ciniki tsakanin jihohi hurumin Gwamnatin Tarayya ne, jihohin kuma suna kafa hujja da ikonsu kan abin da ake sayarwa a cikin iyakokinsu. Kafin a warware wannan taƙaddama, mai mota shi ke kwana a ciki.

Ikon tarayya kan kayan da kansu

Ko da yake wurin sayarwa na hannun jiha da ƙaramar hukuma, abin da ke cikin kwalbar yana ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya. Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, wadda aka kafa da Dokar Soja ta 15 ta 1993, ita ke yi wa kowace irin barasa rajista, ta gida da ta waje. Mai lasin da aka samu da jabun kaya ko marasa lambar rajista a wurinsa, lasin ɗin ƙaramar hukuma ba zai kare shi ba.

Haɗarin kayan da ba a tantance ba ya fito fili a 2015, lokacin da mutane suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo a watan Afrilu, sa'an nan gomomi suka mutu a Jihar Ribas a watan Yuni, bayan sun sha ogogoro mai ɗauke da sinadarin metanol mai guba. Hukumomi sun hana sayar da ita a wancan lokaci.

Wata taƙaddamar ita ce ta barasar leda da ta ƙananan kwalabe, wadda arharta da sauƙin ɓoye ta suka sa ta yaɗu tsakanin yara da direbobi. A watan Disamban 2018, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da NAFDAC da ƙungiyoyin masu masana'antu suka amince a janye ta sannu a hankali cikin shekara biyar. A farkon Fabrairun 2024 NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin a kan ledoji da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Masu masana'antu da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ca, suna cewa jari da ayyukan yi za su salwanta, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka ɗage wa'adin zuwa ƙarshen Disamban 2025. A watan Nuwamban 2025 Majalisar Dattawa ta nemi kada a sake ƙara wa'adin. Darasin da ke ciki ga 'yan sari da masu ba da hayar rumbun ajiya shi ne, kayan da aka saya da halaccin doka suna iya zama haramtattu tun suna jibge a sito.

Haraji

Kuɗin lasin ƙaramin kaso ne na abin da gwamnatoci ke samu daga wannan ciniki. Hukumar Kwastan ke karɓar harajin masana'anta a kan barasar da aka yi a cikin gida. A watan Yunin 2018 aka koma lissafa shi bisa yawan ruwan, inda aka sa kwabo 30 a kan kowace santilita ta giyar kwalba, watau Naira 18 a kan kwalba mai santilita 60, da Naira 1.50 a kan kowace santilita ta barasa mai ƙarfi, wadda aka tsara ta kai Naira 2 a 2020. An sake duba waɗannan alƙaluma a shekarun da suka biyo baya.

Akwai kuma harajin VAT, wanda ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a Fabrairun 2020. Jihar Legas ta ƙara nata harajin na kashi 5 cikin ɗari a kan abin da aka ci ko aka sha a otel da gidajen abinci da wuraren biki, bisa wata doka ta 2009, wasu jihohi kuma sun kwaikwaye ta.

Da yake ana tara VAT a asusu ɗaya a raba wa kowa, barasa ta zama abin misali a muhawarar rabon arziki. Wasu 'yan siyasar Kudu sun sha tambayar dalilin da jihar da ke fasa kwalabe za ta ci daga harajinsu, musamman bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal a watan Agustan 2021, wanda ya goyi bayan Jihar Ribas kan karɓar VAT. Masu mayar da martani daga Arewa sukan nuna cewa yankin ma yana ciyar da masana'antar, domin tun da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin giya suka koma ga dawa da masara, waɗanda akasarinsu daga gonakin Arewa suke fitowa. Dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun rage kason Gwamnatin Tarayya daga kashi 15 zuwa 10, suka ɗaga na jihohi daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi kuma suka ci gaba da riƙe 35.

Matakan kariya ga mai dukiya

Ga mai ba da haya, wurin kare kai shi ne takardar yarjejeniya. Idan ba ya son a sayar da barasa a gininsa, to a rubuta haka ƙarara, tare da sharaɗin cewa ɗan haya ba zai ba wani haya a ƙarƙashinsa ba sai da izini a rubuce. Alkawarin baka yana da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali, kuma fitar da ɗan haya kafin wa'adinsa ya cika yakan ɗauki watanni. Idan kuwa ya yarda, ya kamata ya riƙe kwafin lasin ɗin, ya kuma tabbata ana sabunta shi, domin ranar da aka garƙame ginin sauran 'yan hayar ma sukan shiga ciki.

Mai da gidan zama mashaya ko kulob ba tare da izinin sauya amfanin fili ba ya fi haɗari. Dokar Filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon soke takardar mallaka idan an saɓa sharuɗɗan da ke cikinta, kuma wanda sunansa ke kan takardar shi zai amsa, ko da ɗan haya ne ya yi aikin. A Abuja, hukumar kula da gine-gine ta sha rufe irin waɗannan wurare a unguwannin zama.

Ga mai sayen otel ko hannun jari a cikinsa, wajibi ne lauya ya binciki sunan da ke kan lasin da ranar ƙarewarsa da bashin harajin da ke kan wurin tun kafin a biya kuɗi. Wanda ke son ya gudanar da otel ba tare da barasa ba kuwa babu dokar da ta tilasta masa neman wannan lasin, kuma yana da damar ya ƙi biyan kuɗinsa idan aka haɗa masa shi cikin takardar neman haraji. Ga mai sufuri, ya kamata takardar kwangila ta bayyana irin kayan da hanyar da za a bi da wanda zai ɗauki asara idan aka kama su, a kuma ja kunnen direbobi kan ɗaukar ƙarin kaya a hanya ba da sanin mai mota ba.

A ƙarshe, duk kuɗin da za a biya a biya shi ta hanyar da hukuma ta ƙayyade, a karɓi rasit mai hatimi, domin 'yan damfara masu shigar ma'aikata sun yawaita a wannan fage. Kafin a sa hannu kan haya, ko a loda mota, ko a sayi gini, ziyara guda zuwa sakatariyar ƙaramar hukumar da abin yake domin ganin dokar jihar da jadawalin kuɗaɗenta ta fi arha a kan shari'ar da za ta biyo baya.